Na'ura Uku, Shugaba Uku

A layin masu gyare-gyare an yi wani mutum da ya raɗa wa kansa suna Injiniya, ya sa aka rubuta masa a allon shago da jan fenti, ba tare da ya wahalar da wata makaranta ba. Sana'arsa ta gaskiya gyaran fanka da rediyo da dutsen guga. Mutanen layin suka karɓi sunan, amma suka ƙara masa da Saura Kaɗan, domin duk wanda ya zo karɓar kayansa amsar da zai ji ke nan, ko da fankarsa ta shekara a kife ba fuka-fuki.

Wata rana wata tsohuwar kwamfuta ta zama tasa, saboda mai ita ya gaji da zuwa karɓa. Ya yi mako biyu yana kallon bidiyon masu haɗa sauti a wayar salula. A rana ta goma sha biyar ya kwashe tarkacen ɗakin bayan shago, ya manna kwalayen ƙwai a bango, ya ƙara layi ɗaya a ƙasan allo: Sutudiyo. Tun daga nan ko gaisawa za ka yi da shi sai ya karkata kai ya ce muryarka tana da matsala a ƙasa-ƙasa.

Surukinsa, mahaifin matarsa, tela ne, shagonsa yana kallon nasa. Shekara arba'in tsohon yana waƙa tare da abokansa biyu, Mahauci mai ganga da Direba mai jita. Ba su ɗauke ta sana'a ba. Ranar hutu da yamma suke zama a ƙofar shago su yi ta yi, masu wucewa su tsaya. Tela ba ya alfahari da ɗinkinsa, ba ya alfahari da muryarsa ma, abu ɗaya yake bugun ƙirji da shi: tunda yake bai taɓa kauce wa kiɗa ba.

To, sai likita ya ga wani ƙari a maƙogwaronsa. Aka sa ranar Litinin za a yi masa aiki, kuma likitan bai ɓoye masa ba, mai yiwuwa ya tashi lafiya amma muryar ba za ta dawo ba. Tsohon ya kwana biyu yana juya maganar a ransa. A na uku ya ce abu ɗaya yake so kafin Litinin, a ɗauki babbar waƙarsa, mai minti talatin da biyar, wadda ya jera sunayen 'ya'yansa da jikokinsa duka a ciki.

Injiniya ya tsallako titi yana gyara wuyan riga.

"Baba, wannan ai aikina ne. Ku bar min komai. Irin ɗaukar da zan yi muku, wanda ya saurara zai riƙa waiwaye yana neman inda kuke zaune."

"Fankata fa?" in ji Tela.

"Saura kaɗan, Baba."

Tsarinsa shi ne kowane mutum a ɗauke shi da na'urarsa daban, domin haka ya ga manyan sutudiyo suna yi. Tela yana da wata 'yar ƙaramar na'urar ɗaukar murya da ɗansa ya aiko masa. Direba yana da tasa, ta hannu, wadda ya sayo a wata tafiya. Mahauci ba shi da ko ɗaya, amma ba mutumin da za a bari a baya ba ne, don haka ya aro wata ƙatuwa mai maɓallai kusan hamsin a wurin ɗan ƙanwarsa, aka kawo ta a baro.

Ranar Talata da yamma aka jera su a kan tebur. Matar Injiniya, wadda kowa ke kira Malama saboda lissafi take koyarwa a sakandare, ta zo da ruwan ɗumi ga mahaifinta. Ta ga 'yar takardar bayani a cikin kwalin na'urarsa, ta zauna ta karanta, abin da mijinta bai taɓa yi wa wata takarda ba.

"Baban yara, ka ga nan kuwa? Sun ce kowace na'ura tana da ɗan agogo a cikinta. Ba na duba lokaci ba, na ƙirge. Da shi take yanka sauti gutsi-gutsi, sau dubu arba'in da takwas a daƙiƙa ɗaya. Kuma wai babu agogo biyu da suke tafiya daidai cif. Don haka idan an haɗa su da waya, ɗaya ce za ta zama shugaba, sauran su bar nasu agogon su bi nata. Shugabar fitilarta kore, mabiyan kuma rawaya."

"Na sani," in ji Injiniya, wanda a lokacin ya fara ji.

Da ta san abin da kalmar nan ta shugaba za ta haifar, da ta karanta a zuci. Cikin tsofaffin uku kowa ya saci kallon na'urarsa, sannan ya saci kallon ta ɗan'uwansa.

Washegari da sassafe, kafin Injiniya ya gama buɗe shago, sai ga Mahauci da ƙunshin nama a hannu.

"Ɗana, ba wata magana ba ce. Ka san dai ganga ita ke jan kiɗa. Kuma ka ga girman na'urar nan. A ce ta bi waccan 'yar mitsitsiyar da za a iya sawa a aljihu, ai ko ɗan ƙanwata ba zai ji daɗi ba."

Injiniya ya karɓi naman, ya auna shi a hannu. "Kawu, dama taku na zaɓa tun jiya."

Mahauci bai kai kwana ba sai ga Direba. Shi bai kawo komai ba sai tarihi.

"Shekara talatin da biyu ina gaba mutane suna baya. Ban taɓa zama a kujerar baya ba, ko a motar wani. Kai ma da na kai ku ɗaurin aurenka, a gaba nake."

"Kawu, wa zai ja in ba direba ba? Taku ce."

Na ƙarshe shi ne Tela. Bai tsallako ba, yafito shi ya yi da almakashi daga ƙofar shagonsa, ya yi magana a hankali don tattalin murya.

"Waƙar ta wa ce?"

"Taku ce, Baba."

"To."

Ya koma kan kekensa. Injiniya ya tsaya a tsakiyar titi da alkawari uku a wuya. Wani zai ji tsoro, shi kuwa daɗi ya ji, domin nan take ya gano cewa masu rubuta takardar nan tsofaffin tunani gare su. Me ya sa dole sai wani ya bi wani? Ya shiga ya danna wa kowace na'ura maɓallin shugabanci, fitilu uku suka kama, duk koraye. Sannan ya kai kowace kusurwarta, ya juya fuskarta ga kujerar mai ita, ya tsayar da katifa tsakanin kusurwa da kusurwa. Da tsofaffin suka tambayi dalilin katifun, ya ce ƙa'idar sana'a ce. Kowa ya zauna, ya ga koriyar fitilarsa, ya yi murmushin tausayin sauran biyun.

Aka fara. Mahauci ya buga, Direba ya shigo, Tela ya ɗaga murya, kuma duk da ciwon, murya ce mai sa mutum ya ajiye abin da ke hannunsa. Injiniya yana zaune gaban kwamfuta da abin ji a kunne yana kaɗa kai. Can sai ya ji ƙas. Ya dakata. Bayan 'yan daƙiƙu, ƙas. Aka ɗan jima, ƙas, ƙas.

Abin da ke faruwa ba wani asiri ba ne. Na'urori uku suna turo sauti ta waya ɗaya, kowace da nata ƙirgen, duk lokacin da ƙirgen ya saɓa sai gutsure ɗaya ya faɗi, ya bar wannan ƙara. Malama da tana nan da ta faɗa masa, amma tana aji.

Ya ɗaga hannu aka tsaya. Ya zagaya ɗakin yana kallon kowa kamar mai neman ɓarawo.

"Kawu Direba, zoben nan naku yana taɓa jita."

Aka cire zobe da sabulu, domin ya shekara ashirin bai fita ba. Aka sake. Ƙas.

"Kawu Mahauci, gwiwarku ce. Na ji ta tun da kuka zauna."

"Gwiwata tana ƙara idan zan tashi ne, ba idan ina zaune ba."

"Makirufo yana jin abin da kunne ba ya ji."

Aka naɗe gwiwar Mahauci da tawul, aka ɗaure da igiyar fanka. Aka sake daga farko. An yi minti shida lafiya har Injiniya ya fara hura hanci, sai ƙas, ƙas, ƙas, uku a jere. Ranar Laraba ta tafi a haka, Tela ya rera farkon waƙarsa sau bakwai bai kai ga sunan jika ko ɗaya ba.

Ranar Alhamis Injiniya ya zo da sabon bincike. Ya durƙusa gaban surukinsa da ladabi.

"Baba, ku yi haƙuri da abin da zan faɗa. Haƙoran nan naku na roba, su ne."

Tela ya dube shi tsawon lokaci. Sannan ya sa hannu ya zare haƙoran, ya jefa a kofin ruwa, ba tare da ya ɗauke ido daga kansa ba. Aka fara. Sunayen 'ya'yan suka riƙa fitowa a dame, har Direba ya kasa riƙe dariya ya ɓoye fuska a bayan katifa. Kuma a tsakiyar wannan wulaƙanci, ƙas.

"Ga su can a kofi," in ji Tela da bakin da ba haƙori. "Idan su ne, je ka yi musu magana."

Zuwa lokacin labari ya zagaya layi. Mai kanti da mai wanki da matan gidan sama suka riƙa leƙowa ta taga suna ba da shawara. Wata ta ce ɓera ne. Mai wanki ya ce shi a ganinsa kwalayen ƙwan ne suke tuna abin da ya fashe a cikinsu. Injiniya ya rufe tagar, ya ce sutudiyo ba kasuwa ba ce.

Ranar Juma'a ya gano mai laifi na gaskiya, wato Mai Walda, maƙwabcinsa na hannun dama. Ya je ya yi masa dogon bayani a kan yadda tartsatsin walda yake shiga iska ya bi waya. Mai Walda mutum ne mai ƙarancin magana. Ya kashe injinsa, ya cire tabarau, ya zo ya zauna a bakin ƙofar sutudiyo ya harɗe hannu. Aka fara. Minti biyu, ƙas.

"To," in ji Mai Walda. "Ni ga ni zaune, hannuna a hammata. Wa ke waldar?"

"Ragowar ta jiya ce ba ta gama fita daga iska ba."

Mai Walda ya juya ga Tela. "Baba, Allah ya ba ku haƙuri. Ku kuka ba shi 'ya."

Aka yi dariya, amma Tela bai yi ba. Muryarsa ta fara dishewa. Kwana uku yana kashe ta a kan farkon waƙa, ga Litinin tana matsowa. Da yamma ya daina amsa gaisuwa da baki, sai dai ya ɗaga hannu. Injiniya ya lura, kuma abin ya dame shi ƙwarai, domin duk cika bakinsa yana son tsohon. Sai dai damuwar ba ta kai ta sa shi ya mayar da fitila biyu rawaya ba. Naman Mahauci ma an riga an cinye.

Ranar Asabar sa'a ta zo masa ta ƙafa. Yana zagaye yana neman sabon wanda zai ɗora wa laifi, ya yi tuntuɓe da wayar da ta haɗa na'urorin, ta fizge, shi kuma ya tafi da katifa ɗaya zuwa ƙasa. Ya tashi yana kakkaɓe jiki, ya mayar da katifar da sauri kafin wani ya ga fitilar wani. Ya sa abin ji a kunne, ya saurari kowace na'ura ita kaɗai. Tsit. Babu ƙas ko ɗaya.

"Na kama shi," ya ce. "Wayar nan ce munafukar. Dama tun farko ban yarda da ita ba."

Ya rataye ta a ƙusa. Ya ce yanzu kowace na'ura za ta ɗauki nata a katinta na ajiyar sauti, daga baya ya haɗa su a kwamfuta. Ya tafa hannu sau ɗaya don ya samu alamar farawa, tsofaffin suka kama. A karon farko aka tafi har ƙarshe, minti talatin da biyar, Tela ya kira sunan kowa har jaririyar da aka haifa bana. Da ya gama ya jingina da bango ya rufe ido, gumi yana bin wuyansa.

Malama ta shigo da ruwan ɗumi, idonta ya sauka a kan wayar da ke rataye.

"Wannan me take yi a ƙusa?"

"Hutawa. Na kore ta daga aiki."

"Baban yara, ba ka kashe rigimar ba, raba musu ɗaki kawai ka yi. Yanzu kowace tana can tana nata ƙirgen ba mai tsawata mata."

"Bambancin nawa ne? Ƙiris ne fa."

"Ƙiris sau minti talatin da biyar nawa ke nan?"

"Malama, ki bar lissafi a aji. Nan kunne ke aiki."

Ya jera sautukan uku a kwamfuta, ya daidaita su a kan tafin nan na farko, ya saurari minti biyu. Komai ya zauna cif. Ya cire abin ji ya ce wanda ya san aikinsa ba sai ya saurari abu har ƙarshe ba. Sauran yinin ya kashe shi wajen gayyata. Ya bi shago-shago, gida-gida, yana cewa gobe da yamma a zauren makarantar su Malama za a ji abin da ba a taɓa ji ba a layin nan. Malama kuwa ta sauke wayar daga ƙusa ta sa a jakarta.

Ranar Lahadi zaure ya cika. 'Ya'yan Tela da jikokinsa suka cinye layi uku na gaba. Injiniya ya sa kwat a cikin zafin nan, ya jera na'urorin uku a kan tebur da kyalle a ƙarƙashinsu don mutane su ga kayan aiki. Ya yi jawabi na minti ashirin, wanda sha takwas a kansa ne. Sannan ya danna.

Minti goma na farko, gaskiya, abin ya yi kyau. Mata suna kaɗa kai, babbar 'yar Tela tana share ido. Injiniya yana tafiya a gefen zaure hannu a baya, yana karɓar jinjina da ɗan sunkuyar da kai.

Wajen minti na sha biyar Mai Walda, wanda yake bin kiɗan da ƙafa, ya dubi ƙafarsa. Ta rasa wanda za ta bi. A minti na ashirin ganga ta fara riga kowa isa, jita kuma tana jan ƙafa a baya. Muryar tana tsakiya, ba ta tare da wannan, ba ta tare da wancan. Zuwa minti na ashirin da biyar, daidai inda sunayen jikoki suka fara, duk sunan da Tela ya kira sai ya faɗo bayan bugun ya wuce, kamar mai bin motar da ta riga ta tashi.

Zauren ya fara ƙus-ƙus. Wani a baya ya ce, ba da ƙarfi ba amma an ji, "Tsufa ke nan." Wata ta ce ai da ciwon ma ya yi ƙoƙari.

Injiniya ya daina tafiya. Ya dubi surukinsa. Tsohon yana zaune a gaba, yana buga yatsa a gwiwa yana ƙirga, yana sake ƙirgawa, fuskarsa tana canzawa. Can ya ɗaga hannu.

"Kashe."

Aka kashe. Tela ya miƙe da ƙyar, ya juyo ga jama'a. Muryarsa ta dishe har sai da zauren ya yi tsit kafin a ji shi.

"Ku yi haƙuri, na tara ku a banza. Ashe abin ya tafi tun kafin likita ya sa wuƙa. Ni ban sani ba. A goge shi, kada yaran nan su riƙa ji."

Injiniya ya sunkuyar da kai. Ya san ba tsohon ba ne, ya san ko wane ne, kuma kunya ta kama shi irin wadda bai taɓa ji ba. Amma bakinsa ya saba da wata hanya, kafin ya ankara ya ji kansa yana cewa, "Ai lasifikokin makarantar nan ne, Baba. Idan zafi ya yi yawa, sauti yakan kumbura."

Mahauci ya tashi don ya lallashi abokinsa, ya dafa kafaɗarsa.

"Kada ka damu, kowa yana kuskure. Ni dai na san ba daga wajena ba ne, tunda na'urata ce shugaba, kowa ni yake bi."

Direba ya juyo a hankali. "Na'urar wa?"

"Tawa. Koriyar fitila. Ban so in faɗa ba don kada ranku ya ɓaci."

"Kwana huɗu ina kallon koriyar fitila a gabana, Mahauci. Tawa ce shugaba. Yaron nan da bakinsa ya ce min wa zai ja in ba direba ba."

"Ni har nama na kai."

Tela ya bar su suna musu. Ya taka zuwa teburin, ya kunna 'yar na'urarsa. Kore. Ya kunna ta Direba. Kore. Ya nemi maɓallin ƙatuwar ta Mahauci, Malama ta nuna masa. Kore. Fitilu uku suna kallon jama'a, jama'a suna kallon Injiniya, shi kuma yana kallon ƙofa, inda Mai Walda ya riga ya je ya tsaya.

Malama ta yi wa zauren bayani a taƙaice, yadda take yi wa 'yan aji ɗaya. Agogo uku, kowane da saurinsa, ba wanda ke bin wani. A minti na farko bambancin bai kai a ji ba, amma yana taruwa, a minti na ashirin da biyar ya zama abin da kowa ya ji.

"Wato saura kaɗan su yi daidai," in ji mai wanki.

Zauren ya fashe da dariya. Tela ya jira aka gama, sannan ya yafito surukinsa.

"Zo nan. Na kauce ko ban kauce ba?"

"Ba ku kauce ba, Baba."

"Na baya ba su ji ba. Musamman mai maganar tsufa."

Ya miƙa masa makirufo. Injiniya ya karɓa da hannu biyu, kwat ɗinsa ta jiƙe sharkaf.

"Baba bai kauce ba. Zoben Kawu bai yi komai ba, gwiwar Kawu ma haka, haƙoran Baba ma haka. Mai Walda ka yafe ni. Ni ne na ce wa kowa shi ne shugaba."

Tsohon ya sauke ajiyar zuciya mai tsawo, ya koma ya zauna. Ya sha ruwan ɗuminsa, ya gyara murya, ya ji abin da ya rage a cikinta.

"Auta," ya ce wa Malama, "ina jin akwai saura na sau ɗaya. Za ki iya?"

Ta ciro wayar daga jaka ta haɗa na'urorin. Sannan ta tsaya, yatsanta a kan maɓalli. "To, wace ce shugaba?"

Mahauci ya buɗe baki, Direba ma ya buɗe.

"Tawa ta bi," in ji Tela. "Ni murya nake so in bari, ba fitila ba."

Direba ya sosa ƙeya. "Tawa ma ta bi."

Mahauci ya ga an bar shi shi kaɗai da shugabanci, abin ya yi masa nauyi. "A'a, ni ma ai mabiyi ne. A sa tawa ta bi."

"Kawu, idan kowa ya bi ma ba a tsira ba," in ji Malama. "Dole ɗaya ta ja. Taku ce, ku yi haƙuri."

Ta danna. Kore ɗaya, rawaya biyu. Injiniya ya matso yana nannaɗe hannun kwat.

"Ni me zan riƙe?"

"Bakinka," in ji ta.

Aka zaunar da shi a layin ƙarshe, kusa da Mai Walda. Aka aika yara suka ɗauko ganga da jita. Mahauci ya buga, Direba ya shigo, Tela ya ɗaga abin da ya rage masa. Muryar ta tsage a wuri biyu, a wuri ɗaya ma sai da ya haɗiye ya sake kamawa, amma kowane suna ya sauka a kan bugunsa. Duk jikan da aka kira sai ya miƙe tsaye ba wanda ya ce ya yi. Babu ƙas ko ɗaya, daga farko har jaririyar bana. Injiniya ya yi kuka a layin ƙarshe, a hankali, don an hana shi ƙara.

Ranar Litinin aka yi aikin. Tela ya tashi lafiya, ya koma kan kekensa bayan mako uku, amma muryar ba ta dawo ba, sai ɗan raɗa da ba ya wuce tebur. Kullum da safe yakan kunna waƙar a shago yana yanka yadi.

Shi kuwa Injiniya, kunyarsa ta yi mako uku cif, wanda a wurinsa ba ƙaramin abu ba ne. A na huɗu wani baƙo ya kawo ɗinki, ya tsaya yana saurare, ya tambayi wanda ya ɗauki wannan waƙa haka tsaf. Injiniya yana ƙofar shagon, ya gyara tsayuwa.

"Ai aikin sutudiyona ne. Ka san sirrin abin a agogo yake. Mutane da yawa ba su gane cewa dole ɗaya ta ja, sauran su bi. Ni tun farko abin da na yi ta faɗa musu ke nan, amma ka san tsofaffi."

Tela ya ajiye almakashi. Ba shi da muryar da zai ƙaryata shi da ita. Sai ya miƙa hannu ya murɗa maɓallin sauti, ya ci gaba da murɗawa, har muryarsa ta cika shagon ta fita titi, bakin surukinsa yana ta motsi ba mai jin abin da yake cewa.